Gorar da Take Dawowa Wayam

Assalamu alaikum matan zumunta. Da Hausa na rubuta wannan don a karanta wa iyayenmu su ji da kunnensu. In na rubuta da Larabci 'ya'ya ne za su karanta, su turo hoton hawaye, su wuce. Kun yi ta tambaya me ya sami Ummanmu. Wasu sun ce sukari ne, wasu sun ce baki ne ya kama ta. To ga abin da ya faru, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

A unguwar Ƙuba muke a nan Madina, gida ɗaya mai hawa biyu. Ni da Umma a sama, Yaya Maimuna da mijinta da 'ya'yanta mata uku a ƙasa. Ni ce auta, sunana Zulai. Ina aiki a shagon abaya tun safe har magariba, saboda haka a wurin Yaya Umma take wuni.

Umma ta daɗe da sukari da hawan jini. Kafin zafi ya shigo likita ta ce ƙodarta ta fara gajiya. Ta ce ba abin tashin hankali ba ne, amma Umma ta dage da shan ruwa. Ta kuma ƙara mata wata ƙwaya ta hawan jini mai sa yawan fitsari. Daga asibiti ban wuce gida ba sai da na sayo gora, irin ta roba mai kauri da ake ganin ruwan ciki, da layuka a jikinta da igiyar ratayawa. Umma ta juya ta a hannu ta ce, "Auta, wannan ai tulu ne. Raƙumi kika mayar da ni?"

Na ce, "Ko me na mayar da ke, sai kin shanye."

Muka yi tsari a gaban Umma. Ni in cika da safe kafin in fita, Yaya ta sake cikawa bayan azahar. Kullum in na dawo, abin da nake fara dubawa kenan kafin ma in cire abaya. Kullum wayam. Har yabon Umma nake yi a waya ina gaya wa ƙawayena su saya wa iyayensu.

Da aka yi hutun makaranta sai 'yan matan Yaya suka tasa ta gaba da maganar malahi, filin wasan nan mai lilo da jirgin ƙasa na yara da motocin karo. Sau biyu a mako suke zuwa, da an idar da la'asar. Umma ba a barin ta a baya. Tana son ta shimfiɗa darduma a ciyawa ita da ƙawayenta, jikoki suna ɗaga mata hannu daga saman lilo. Kun san la'asar ɗin Madina da rani, iskar ma kamar daga tanda take fitowa. Amma ban damu ba. Ga gora a kafaɗarta, ga na'urar ruwan sanyi a kowane lungu na wurin. Garin da ko bakin titi ka tsaya akwai ruwan sadaka, wa zai yi tunanin ƙishi?

Mako na uku da fara zuwa malahi Umma ta fara ciwon kai. Leɓenta ya tsage. In ta ɗago daga sujada sai ta dafa bango. Ta ce tsufa ne. Da ta fara riƙe kwiɓinta na dama in za ta tashi, na ɗauki rabin wuni a wurin aiki muka kai ta asibitin unguwa, ni da Yaya. Mun fi awa biyu a layi. Da muka shiga, likitar ta duba harshen Umma ta ja fatar bayan hannunta, ta ce, "Hajiya, kina shan ruwa kuwa?"

Ban bar Umma ta buɗe baki ba. Na zaro gorar daga jaka na dire a kan tebur. Na ce biyu take shanyewa kullum, da hannuna nake cikawa. Likitar ta juya wurin Yaya, don na gaya mata a wurinta Umma take wuni. Ta ce, "Haka ne?"

Yaya ta ce, "Tana sha."

Umma tana gyaran bakin mayafinta, ba ta ce komai ba.

Likitar ta ce to tunda ruwa ba matsala, a bar ƙwayoyinta yadda suke. Ta rubuta gwajin jini na yau da kullum, aka ba mu ranar dawowa bayan mako uku. Na fito ina jin kaina. A mota har cewa na yi, "Kun ga amfanin gora? Da yanzu an ɗora mana laifi."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ranar Alhamis dab da magariba, ina naɗe wa wata mata abaya wayata ta yi ƙara. Yaya ce, daga malahi. Umma ta tashi za ta karɓi ƙaramar jikarta daga jirgin ƙasa, ta yi taku uku ta zube a kan siminti. Sun yayyafa mata ruwa ba ta farfaɗo ba, motar asibiti ta tafi da ita.

A sashen gaggawa na same su. An ɗaura mata ruwa a hannu biyu, an sa mata robar fitsari, kuma abin da ya taru a jakar bai kai cikin finjalin gahawa ba, launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Likitan ƙoda, wani dattijo mai farin gemu, ya zo da takardar gwaji ya ce kalma ɗaya da har yanzu take mini yawo a kunne: jafaf. Bushewar jiki. Ya ce jikinta ya daɗe yana neman ruwa, ba yau ba, ba jiya ba, kuma ƙodar da dama ta gaji ta tsaya.

Na taso masa. Na ce ya sake gwajin, ba na uwata ba ne. Na nuna masa gorar har ina buga ta a ƙarfen gado. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, na yarda kina cika gora. Amma wannan jinin ba na mai shan ruwa ba ne."

Yaya tana tsaye a bayana. Na juya na ce, "Yaya, gaya masa mana!" Sai ta ce bari ta je ta kira mijinta. Ta fita.

Washegari aka huda wuyan Umma aka sa bututu, aka fara mata wankin ƙoda. Likitan ya ce na ɗan lokaci ne in Allah ya yarda, wani lokaci ƙoda takan farka in an hutar da ita. Ya ce mu ba ta makonni mu gani. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan muke: za ta farka ko ba za ta farka ba.

Makon farko Umma ba ta san wanda ke kanta ba sosai. Tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ni nake wuni, Yaya take karɓa ta da yamma. A nan dole in gode wa wata nas, Bahaushiyar Sudan. Ita ta lura Umma ba ta amsa Larabci in tana cikin ruɗu, sai ta sunkuya ta ce mata, "Sannu Inna, ɗaga hannun kaɗan." Umma ta ɗaga. Allah ya saka mata. Haka mai shagonmu da ta ce in tafi sai na dawo, da mijin Yaya da ya mayar da motarsa ta asibiti bai taɓa tsaki ba.

Mako na biyu Umma ta dawo hayyacinta, 'yan dubiya suka ɓarke. Kowacce da jakarta da fatawarta. Wannan ta ce a dafa sha'ir a tace. Waccan ta ce nonon raƙumi da safe kafin a ci komai. Wata ta kawo ganyen da ta ce ya narkar wa mijinta da tsakuwar ƙoda a kwana uku. Dabinon ajwa kuwa har ya rasa wurin ajiya. Nas ta ce kar ko ɗaya ya shiga bakin Umma, dabino yanzu haɗari ne gare ta. Da na faɗa, wata gwaggonmu ta ce, "Ajwar? Ke Zulai, ki ji tsoron Allah." Na ce ina ji, shi ya sa zan kwashe su in kai ƙasa.

Ranar Talata Inna Kaltume ta zo, maƙwabciyarmu 'yar Cadi, ita ce abokiyar zaman Umma a malahi. Ta zauna a bakin gado tana share hawaye tana ba sauran baƙi labarin halin Umma.

Ta ce, "Wannan baiwar Allah ba ta cancanci kwanciya ba. Gorar nan tata ai butar jama'a ce. Da an kusa kiran salla sai ta ce, Kaltume, bar wannan banɗakin nasu mai santsi, zo nan bayan bishiya. Ta zuba mini, in zuba mata. Ni da Hajiya Asabe da duk wadda ta zo. Har wata Baturkiya ta taɓa yin alwala da ita. In ta ƙare Maimuna ta je ta ciko. Wallahi ko sau ɗaya ban ga ta kai ta baki ba, duk don mutane."

Baƙi suka ce masha Allah, Allah ya sa a mizani.

Ni kuwa na kalli Umma, ta juya fuska bango. Na kalli Yaya, tana ta jera kofunan gahawa da babu wanda ya nema.

Na ce, "Yaya, fito."

"Bari baƙi su tafi mana."

"Fito na ce."

A bakin lif muka tsaya. Na ce, "Tun yaushe?"

"Zulai, rage murya, asibiti ne."

"Na san asibiti ne, ai ke kika kawo mu. Tun yaushe?"

Sai ta fara kuka, ta ba ni labari. Zuwansu na biyu malahi, Umma ta sha ruwanta yadda aka ce. Ƙwayar nan ta matsa mata. Suka je banɗakin mata, layi har waje, ga gwiwarta ba ta jure tsayuwa. Ba ta kai ba. A nan cikin layi, a gaban mutane, a gaban babbar jikarta. Wata mata ta janye 'yarta ta toshe hanci. Yaya ta yafa mata darduma ta kai ta mota. Magariba ta wuce Umma ba ta yi salla ba saboda kayanta ba tsarki, sai da suka dawo gida ta rama. A motar Umma ta riƙe hannun Yaya ta sa ta yi rantsuwa ba za ta gaya mini ba, wai zan je in yi wa masu wurin tijara duk Madina ta ji.

Daga ranar, in za a fita Umma ba ta shan ruwa tun safe. Sannu a hankali har ranar da ba a fita, sai ɗan kurɓi da ƙwaya da kofin shayi. A gida ma da ruwan gorar take alwala a baranda. Yaya tana gani. Ita take ciko ta biyun.

Na ce, "To da kin gaya mini!"

"Da na gaya miki me za ki yi?"

"Da na kai ta an canja ƙwayar!"

"Bayan kin gama yi mata faɗa a gaban yara. Ke kin san bakinki, Zulai."

Na san bakina, ba sai an gaya mini ba. Na ce, "To ki bar ni. Likita fa? Ta kalle ki ido cikin ido ta tambaye ki."

"Uwata tana zaune a gefena. In ƙaryata ta a gaban bare?"

"Sai kika gwammace ni in zama maƙaryaciyar. Kina tsaye ina dukan tebur da gora kamar mahaukaciya. Sau biyu, Yaya."

Lif ya buɗe, na shiga ba tare da na san inda zan je ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba ɓoyewar ba ce. Da bakina aka yi aikin. Likitar unguwa ta ga alama, ta ja fatar hannun, ta tambaya. Ni na rufe mata baki. Da na gaya wa likitan ƙoda gaskiya washegari, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Da an faɗa, ƙwayar kawai za a canja mata, ko a canja lokacin shanta." Ƙwaya guda. Magana ta minti biyu.

Sai da na kwana uku kafin na iya tambayar Umma. Ina shafa mata mai a ƙafa na ce, "Umma, me ya sa?"

Ta ce, "Ke yarinya ce. Ranar da jikinki ya kunyata ki a gaban jikarki, ki zo ki tambaye ni."

"Kina kallona kullum ina ɗaga gora ina yabon ki."

"Ai ban zubar ba. Mutum nawa suka yi salla da ruwan nan? Ladan ma naki ne, ke kika cika."

Na ce, "Ni ba lada na cika ba, Umma. Ruwan sha na cika."

Ta ce in ja mata bargo, sanyin ɗakin ya yi yawa. Iyakar maganar kenan. Har yau ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma na daina jira.

Mako na huɗu aka sallame mu da bututu a wuya, muna komawa wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Ni nake auna fitsarinta a kofin roba in rubuta wa likita. Ran da ya ɗan ƙaru sai in kasa zama don murna, washegari ya koma. Umma tana dawowa daga wanki kamar tsumman da aka matse, ba ta iya hawa bene, sai muka sauko da gadonta falon Yaya. Kenan kullum sai na shiga gidan Yaya. Magana tsakaninmu ba ta wuce ƙarfe nawa ne wanki, wa zai kai, an sha ƙwaya. Mijinta ya gwada sasanta mu sau ɗaya, na ce masa da girmansa kar ya shiga.

A wata na uku likitan ya zaunar da mu ukun. Ya ce sun jira iya jira. Ƙodar ba ta farka ba, kuma ba ya so ya yaudare mu. Za a yi mata ƙaramin aiki a hannu a cire bututun wuya, saboda wankin ya zama na dindindin. Umma ta ce alhamdu lillahi ala kulli halin. Yaya ta fashe da kuka. Ni ban yi ba, tambaya na yi, yanzu ruwa nawa za ta riƙa sha.

Ya ce kaɗan. Ya nuna da yatsunsa. Duk abin da ta sha yanzu a jikinta yake zama har ranar wanki, in ya yi yawa ya hau huhu. Shayi ruwa ne, miya ruwa ce, kankana ruwa ce. Kafin a ɗora ta a na'ura sai an auna nauyinta, a nan ake gane wanda ya yi satar sha. In ƙishi ya dame ta, a ba ta ƙanƙara guda ta tsotsa.

Yanzu Umma ƙishi take ji wanda ba ta taɓa ji ba. Matar da na yi wata da watanni ina bi da gora, ita ce take bin kofi da ido in ana zuba wa yara.

To ga abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke saya wa iyaye gora kuna rataya musu za a tafi malahi ko Harami ko ziyara. Gora wayam ba shaida ba ce. Ki tsaya ki ga maƙogwaro ya motsa. Kafin ku shimfiɗa darduma ki je ki ga inda banɗaki yake, ki zaunar da ita kusa, ki sa mata kayan canji a jaka ba tare da kin yi shela ba. In tana shan ƙwayar fitsari ki tambayi likita yadda za a yi ranar fita. In tana son alwala a waje ki riƙo mata buta daban. In likita ta tambayi uwarki, ki rufe bakinki ta amsa da kanta, in ta yi shiru ki san shirun magana ne. Ke kuma da aka ba amanar sirri, in sirrin na ciwo ne ki karya rantsuwar ki yi kaffara. Iyaye kuma, don Allah. Mun san kunya. Amma mu muke ɗaukar ku zuwa wanki.

Juma'ar da ta wuce bayan azahar ina sama ina guga, sai na ji takun Yaya a bene. Rabon da ta hau tun kafin a kwantar da Umma. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

Ta ce, "Umma ta roƙe ni kofi ɗaya. Mai sanyi. Ta ce kar in gaya miki."

Na ajiye dutsen guga. "Kin ba ta?"

"Da na ba ta zan hau benen nan?"

Idonta ya yi ja. Na san abin da hawan nan ya ci mata, amma ban ce mata sannu ba, ban kai nan ba tukuna. Daga ƙasa muryar Umma ta taso: "Maimuna! Ƙarata kika kai? To Allah ya isa tsakanina da ke!"

Na buɗe firij na ɓallo ƙanƙara guda a faranti, muka sauka, ina gaba Yaya tana baya. Umma ta kalle ni, ta kalli Yaya, ta kalli farantin.

Ta ce, "Wato kun haɗe mini kai."

Na ce, "Eh, Umma. Buɗe baki."